Harsashin Orval

Lyle Brekke ya ja hannun injin ɗura harsashi ƙasa, ya mayar da shi sama, ya sake ja. Ƙarfen ya bi hannunsa sumul, ba gargada, ba kuka. Injin ya girmi magidanta da yawa a garin Tolliver, amma wanda bai sani ba sai ya ce jiya aka fito da shi daga kwali.

"Ka gani ko?" in ji Verna daga tsakiyar matakala. Nan gwiwarta ta tsayar da ita, sai ta zauna, ta miƙo masa kofin gahawa ta tsakanin katakai. "Kullum sai Orval ya shafa masa mai. Ni da nake matarsa ban samu rabin wannan gatan ba."

"Ai ke ba kya tsatsa."

"Je ka tambayi likitana."

Ya karɓi kofin, ya waiga ya dubi ɗakin. Ya san shi kamar yunwar cikinsa. A nan, ƙarƙashin gidan, Orval Vesely ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana ɗura harsashi. Mu a gabashin Montana ta Amurka, mafaraucin da ya amsa sunansa ba ya barin kwanso a ƙasa in ya yi harbi. Tsince shi yake yi ya kawo gida, ya wanke, ya matse shi a inji ya koma daidai, ya sa masa sabon ƙyastu a gindi, ya auna albarushi ya zuba, ya ɗora dalma a baki. Da yawa suna yi, amma na Orval daban ne. In mutum ya kuskure barewa da harsashin Orval, ba ya ma buɗe baki ya kawo uzuri, don an san inda laifin yake.

A kan wannan bencin Lyle ya koyi aikin, tun gashinsa na baƙi. Yanzu yana da shekara sittin da shida da ɗan shagon bindigogi da kayan farauta kusa da gidan waya, kuma shi ake kira in wani maigida ya rasu, ya zo ya yi wa kayansa kuɗi. Bambancin yau ɗaya ne. Mai kayan yana sama, yana gyangyaɗi a gaban talabijin.

"Bai san abin da ya kawo ka ba," in ji Verna, ta rage murya. "Ce masa na yi ziyara ce."

"Curtis ne ya ce a sayar?"

Curtis ɗansu ne tilo, yana aiki a birnin Billings.

"Abin da Curtis ya ce daban. Ya samo wa ubansa gurbi a wani gidan tsofaffi can kusa da shi. Wai ba zan iya ba. Kuma ban ce ƙarya yaron yake yi ba. Watan jiya an tsinci Orval a bakin titi da kayan barci, yana kiran karen da ya mutu tun Curtis na makaranta. Shekaranjiya ya faɗi a banɗaki, sai da na kira maƙwabta suka ɗaga shi." Ta jujjuya kofinta a hannu. "Amma akwai wata mata da ke zuwa gidaje tana kula da irinsu, safe zuwa yamma. Kusan dala dubu take karɓa a sati. Shi kuwa ya sha gaya mini, ranar da kika matsu, ɗakin nan kaɗai zai saya miki sabuwar a-kori-kura. To ni ba mota nake so ba, Lyle. Hunturu ɗaya nake so. Ya ga narkewar ƙanƙara a gidansa, sannan a yi duk abin da za a yi."

Lyle ya ajiye kofin, ya sa tabarau, ya fara.

Injin lafiya lau yake, kuma matsalarsa ke nan. Irinsa ba sa lalacewa, masu su ne ke lalacewa. A bayan shagon Lyle akwai 'yan uwansa jere a kan kanta, kowanne na wani ne da suka taɓa hawa dutse farauta tare, kuma tun bazara ba a taya ko ɗaya ba. Samarin da suka rage a garin ba su da haƙurin zama a ɗakin ƙasa suna auna ƙwaya. Su sayo kwali a babban kanti, su harba, su kama gabansu. In Allah ya kawo mai saye, dala tamanin.

Ya jawo akwatunan ƙarafan saiti, waɗanda ake ɗaurawa a kan inji, kowane irin harsashi da nasa. Suna da yawa, kuma a kansu ya sa rai. Na farko da ya buɗe ya haska da tocila, jar tsatsa ta cinye cikin ramin. Na biyu ma haka. Ya dubi bango, ya ga layin da ruwa ya bari, kamar kamu ɗaya daga ƙasa.

"Ruwa ya shigo nan?"

"Bututu ya fashe ƙarshen sanyin bara. Amma mun shanya komai."

"A ƙasa akwatunan nan suke a lokacin?"

"Shi ya sauko da su. Wai yana neman wani abu, ya kuma manta me yake nema."

Ƙarfen saiti in ya yi tsatsa a ciki, duk kwanson da ya shiga sai ya fito da zane. Wanda ya sani ba zai saya ba, wanda bai sani ba kuwa Lyle ba zai sayar masa ba. Ya ware waɗanda suka tsira, ba su cika yatsun hannu biyu ba. Fakitocin ƙyastu, waɗanda su ne suka yi tsada a shekarun nan, sun sha ruwan tare da su, takardarsu ta kumbura ta bushe. Sikelin awon albarushi mai kyau ne, sai dai tsohon yayi, yanzu kowa na lantarki yake so. Bokitan kwanso da tubalan dalma, masu gwangwan za su ɗora a ma'auni su biya da kilo.

Sai kantar da ta cika bango guda, daga sama har ƙasa, maƙare da kwalayen harsashin da Orval ya ɗura da hannunsa. Verna ta bi idonsa.

"Waɗannan fa? Ko shagonka ba shi da yawansu."

"Ba a sayen ɗurin wani, Verna."

"Ko na Orval?"

"Ko na waye. In kyauta ce a karɓa a yi godiya. Amma doka ma ba ta bar ni in sa su a shago ba."

Ta daɗe tana kallon kantar. Kafin ta yi magana sai aka ji ƙarar jan silifa daga sama. Ta matsa gefe ta ba shi hanya. Orval ya sauko yana dafa bango, dogon mutum da ya rame har rigar sanyinsa ta zama kamar ta aro.

"Wane ɓarawo ne a ɗakina?"

"Ni ne, maigida."

Tsohon ya kafa masa ido, ya daɗe, kamar bai gane shi ba. Sai fuskar ta washe.

"Brekke! Kai yaro, har yanzu ba ka sayi naka injin ba? Sai dai ka zo ka gajiyar mini da nawa?"

"Naka ya fi daɗin hannu."

"Ƙarya kake, rowa ce. Ku jikokin mutanen Norway ko tari ba kwa yi wa mutum kyauta."

"Ku kuma 'yan Bohemiya sai cika baki da cin kabeji."

Orval ya ƙyalƙyale da dariya har ta zame masa tari. Ya zauna a kan kujerarsa mai juyawa, hannunsa ya lalubo tsumman mai ba tare da ya duba ba, ya fara shafa wa injin. "Gobe ake buɗe farauta," ya ce. Wannan kam bai manta ba. "Kowa ya samu nasa. Bana barewa sun yi ƙiba, an yi ruwa."

Lyle ya amsa da ka, hankalinsa na kan gwangwanayen albarushi. Wanda aka riga aka buɗe ba ya da kasuwa, amma sabo ya sa ya kwance murfin ɗaya, na doguwar bindiga, ya ɗan zuba a tafin hannu. Albarushin doguwar bindiga 'yan sanduna ne ƙanana, kamar an kakkarya bakin fensir. A cikinsu sai ga wasu faffaɗa, shafal kamar dusa. Na ƙaramar bindiga ne, mai saurin cin wuta. In ya shiga kwanson doguwar bindiga, ba barewa yake kashewa ba. Bindigar ce ke tarwatsewa a fuskar mai ita.

Orval ya leƙo hannun. Nan take ya miƙe zaune, muryarsa ta dā ta dawo, wadda Lyle ya yi shekaru bai ji ba.

"Wane jakin ne ya yi wannan? Brekke, sau nawa zan gaya maka? Gwangwani ɗaya a kan benci! Ɗaya! Ka gama da shi, ka rufe, ka mayar, kafin ka ɗauko wani. So kake ka kashe mutum?"

Lyle ya mayar da albarushin cikin gwangwanin. Orval ya dube shi yana jiran amsa, sannan ya dubi gwangwanin, ya dubi nasa hannuwan. Wani abu ya gifta a fuskarsa, kamar mutumin da ya taka matakala ya ji babu. Bai daɗe ba ya wuce.

"Verna," ya ce, "an ba karen nan abinci kuwa?"

"An ba shi. Zo muje kai ma ka ci naka."

Da suka hau, Lyle ya ɗauko kwali ɗaya daga cikin sababbin, ya ɗauko gudumar da ake cire dalma da ita. Na farko da ya kwance daidai yake. Na biyu fanko ne, ko ƙwaya babu. Na uku kuwa cike yake da dusar nan har wuya. Ya ɗauko wani kwalin ya gwada, bai sake zane ba. A waje kowanne sai sheƙi yake, an goge shi tas, tsayinsu ɗaya kamar sojoji. Ya zauna a kujerar Orval, sai a lokacin maganar ta dawo masa. Kowa ya samu nasa.

Ya sami Verna a kicin tana juya wake da naman barewa. Orval yana falo da farantinsa a cinya.

"Wa da wa ya ba harsashi bana?"

"Kamar kowace shekara. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ni na riƙe masa jakar. Dwight Sorley, Marlys mai motar makaranta, da wasu. Na Curtis ya tafi da shi tun zuwansa na ƙarshe. Me ya faru?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba. Ta kashe wutar, ta dafa gefen murhu.

"Kowa zai sani ke nan," ta ce.

"Gobe da asuba za su hau dutse, Verna."

"Na ji. Ban ce kada ka kira ba. Cewa na yi kowa zai sani."

Ya fita ya shiga a-kori-kurarsa ya rufe ƙofa, don iska ba ta barin a ji waya a waje. Ya ɗan jima yana shirya kalmomi. Orval bai taɓa yin kuɗi ba, bai taɓa riƙe wani muƙami ba, gyaran injinan noma ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya tara a duniya shi ne in aka ce harsashin Orval ne, mutum ya sa a bindiga ba tare da ya duba ba. Yau kuma Lyle, wanda ya koya a hannunsa, shi zai bi gida-gida yana rushewa.

Ya fara da Dwight, mai garken shanu a bakin rafi.

"Dwight, kwalin da Orval ya ba ka ran Lahadi. Kada ka sa ko ɗaya a bindiga."

Ana jin kukan maruƙa daga can nesa.

"Au, sai yau?"

"Sai yau me?"

"Haba Lyle. Yana can cikin sito a kulle, tare da na bara da na bara waccan. Ni mahaukaci ne? Ina da jikoki."

"Wa ya gaya maka?"

"Tambayi Curtis. Ni dai ba daga bakina ka ji ba. Yaya jikin tsohon?"

Marlys, wadda kowace shekara take riga maza kawo barewa gida, tana jin abin da ya kira ya faɗa sai ta ce, "Allah sarki. To ya kake so in yi, in mayar masa a ƙofar coci? Nakan karɓa in rungume shi, in ce bana ma sai na ba maza kunya. Ka ga yadda yake murna kuwa?" Sauran da ya kira duk maganar ɗaya ce. Wani ma dariya ya yi, ya ce ya zaci labarin mutuwa ne.

A ƙarshe ya kira Curtis. Ya same shi a wurin aiki, ana ta hayaniya, sai da ya fita waje.

"Shekara biyu ke nan, Kawu Lyle. Na harba ɗaya, ya yi tus kamar an buɗe kwalba, dalmar ta maƙale a tsakiyar bututu. Da na sake harbawa, da yanzu ba da ni kake magana ba. Shi ne na bi mutane ɗaya-ɗaya na gaya musu a ɓoye."

"Ka bi kowa ban da ni."

"Ai kai ka bar farauta tun da aka yi maka aikin kafaɗa."

"Ba shi ne dalili ba."

Curtis ya ja numfashi. "To. Kai ba ka iya ƙarya ba, Kawu. Da ka sani, a ranar za ka je ka same shi ka ce, Orval, ka gama. Shi kuwa abin da ya rage masa ke nan. Mama ma na san ba za ta iya riƙewa ba."

"Shi ya sa ka bar shi da albarushi a ƙarƙashin ɗakin da uwarka take kwana."

"Na sani," in ji Curtis, muryarsa ta yi ƙasa. "Kana zaton ina barci? Kowace hanya na duba, mummuna ce." Sannan ya ce, "Ta ce za ka yi wa kayan kuɗi. Nawa suka yi?"

"Ba yawa."

"Na yi zato. Don Allah gaya mata yadda abin yake. Ni in na faɗa, cewa za ta yi so nake in rabu da shi. Gurbin nan na farkon wata ne. In muka bari wani ya ɗauka, sai an sake mutuwa a gidan kafin a kira mu."

Lyle ya ajiye wayar a kan cinya. Ya fito ne da nufin binne sunan Orval, ashe an daɗe da yin jana'izar, shi da Verna kaɗai ba a gayyata ba. Ya rasa ko godiya zai yi wa mutanen garin ko zagi. A tsallaken titi iska tana ta buga allon sayar da gida a ƙofar maƙwabtan da suka ƙaura, har fentinsa ya koɗe.

Da ya koma ciki Orval ya yi barci a kujera, baki a buɗe. Verna ta zuba wa Lyle wake ta tura masa burodin masara, ta zauna suna fuskantar juna.

"Me suka ce?"

"Ba wanda zai harba."

"Sun yi mamaki?"

Ya dubi farantinsa. "Ba su yi ba."

Ta gane. Ya ga ta gane. "Ni na riƙe masa jakar," ta ce. "Suna ta godiya. Marlys har da runguma." Ta share teburin da tafin hannu, ko da yake babu komai a kai. "To. Faɗi kuɗin."

"In aka haɗa komai da komai, zai kai dubu huɗu."

"Lyle Brekke, dube ni. Yau an yi mini ƙarya ta ishe ni, kuma taka ko kyau ba ta yi ba."

"Dala ɗari tara," ya ce. "In an yi sa'a. Shi ma sai na loda su na kai kasuwar bindigogi ta Billings, don a nan babu mai saye."

"Sati ɗaya."

"Bai ma cika ba." Ya ture farantin gefe. "Ina da ɗan abin da na ajiye, Verna. Ba bashi ba. Mutumin nan shi ya…"

"Kai da za ka rufe shago in bazara ta shigo? Har ni na ji. Garin nan ba a iya ɓoye komai, sai abin da ya shafe ni." Ta girgiza kai. "Ko ka ba ni, wata ɗaya ne, sannan mu zama mu uku a rami."

Ta juya ta dubi taga. Sama ta yi toka-toka ta wajen arewa, irin wadda kowa a nan ya san abin da ke bayanta.

"Ƙarya ya yi mini da ya ce mota?"

"A'a. Abin da ya kashe ya gaya miki, kuma na rantse ya fi haka. Sai dai abin da mutum ya kashe daban, abin da za a taya daban."

"Shekara arba'in ina jin ƙarar hannun injin nan ta ƙarƙashin ƙafata," ta ce. "Har haushi nake ji. In ce da wannan kuɗin da mun je mun ga teku. Sai ya ce ajiya ce yake yi mini." Ta yi wata 'yar dariya marar sauti, ta miƙe tana dafa tebur. "Kwashe albarushin da ƙyastun, da duk wanda ya ɗura. Yau ɗin nan, kafin ya farka. Injin da kwanson ka bar masa har Curtis ya zo. In ya sauka yana jan hannun nan, yakan daɗe bai nemi karen ba. Sauran ka zo ka ɗauka in mun tafi."

"Ke fa?"

"Ni zan kira Curtis."

Lyle ya yi ta hawa da sauka da kwalaye, kafaɗarsa na zugi, har rana ta karkata. Kantar ta koma katako zalla, da zanen ƙura inda kowane kwali ya zauna. Harsashin ba na jefarwa a bola ba ne, ba kuma na binnewa ba. Dole wani ya zauna ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙone albarushin a fili, kuma babu wanin sai shi. Aikin da zai cinye masa hunturu ke nan, ya warware abin da maigidansa ya ƙulla. Duk sanda ya ratsa ta kicin yana jin Verna a waya, muryarta a daidaice kamar mai odar kaya. Tana tambaya kaya kala nawa ake bari a kawo, ko za su yarda ya zo da kujerarsa, ko akwai ɗaki mai araha a kusa da za ta kama.

Ya gama ya ja tamfol ya rufe bayan motar, wadda ta zauna a kan tayoyinta don nauyi. Yana ɗaure igiya ta ƙarshe ya ji an buɗe ƙofar gida.

"Brekke! Tsaya!"

Orval ne, ya ɗora kwat a kan rigar sanyi, yana takowa da silifa a kan busasshiyar ciyawa. Verna ta biyo shi zuwa bakin ƙofa ta tsaya, wayar a ƙirjinta. Tsohon ya ƙaraso ya dafa motar, ya dubi tamfol ɗin.

"Wannan kaya haka? Ƙaura za ka yi?"

"Na wani ne. Iyalinsa suka ce in kwashe."

"Allah sarki. Wani kuma ya tafi?" Ya cire hula ya mayar. "Ka yi wa matarsa adalci, ka ji? Kada rowar nan taku ta motsa."

"Zan yi, maigida."

Orval ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da kwali. "Ba ka zo coci ba ran Lahadi, ɗan gudun ibada, shi ya sa na ajiye maka naka. Kowanne da hannuna na auna. In ka kuskure gobe, kada ka zo mini da labari."

Ya tsaya yana jira, kamar yadda yake yi wa kowa. Lyle ya buɗe kwalin, ya zaro ɗaya, ya ɗaga shi a hasken da ya rage, ya jujjuya. Ta gefen ido yana hango Verna, ba ta motsa ba.

"Babu irin naka a duk jihar nan," ya ce. "Na gode."

"Na sani." Orval ya buga masa kafaɗa, daidai wadda aka yi wa aiki. Ya juya zai koma, sai ya waigo ya nuna shi da yatsa. "Ka dawo mini da kwanson fa. Kada ka bar su a ciyawa kamar yaran yanzu. Baɗi war haka in sake ɗura maka."

Ƙanƙarar farko ta fara sauka, ƙanana-ƙanana, tana maƙalewa a kafaɗar kwat ɗin tsohon.

"Zan kawo," in ji Lyle.